Duwatsun Carafken Iklima

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Yau na gano abin. Bari in rubuta kafin Baban Raliya ya dawo da taksinsa ya fara tambayar tuwo.

Tun da na fara koyar da wasannin motsa jiki a lakol ɗinmu, makarantar firamare ta Lazaret, abin da aka koya mini shi nake yi: a jeru, a ware hannu, a tsuguna, a miƙe, ɗaya, biyu, in busa usur. Yara suna kirana Madam Balo, alhali balo ɗaya gare mu, shi ma iska ba ta kwana a cikinsa.

Akwai wata yarinya a aji uku, Iklima, jikar Iya Tabawa mai sayar da dambu a bakin kasuwa. Shekararta ta biyu ke nan a ajin. A lakol ɗinmu wanda ya faɗi sau biyu sallamarsa ake yi, kuma kompozisiyon ƙarshe, wato jarrabawa, yana nan cikin watan Yuni. Madam Farida, malamar ajinsu, ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, baƙaƙe duk ta san su ɗaya-ɗaya. Amma in tana karatu sai ta tsallake layi, in kuma tana kwafe daga tablo, allon bango, zuwa kaye, littafin rubutunta, sai ta rasa inda ta tsaya. An taɓa gwada idonta a asibiti, an ce lafiyarsa lau.

To yau na jefa mata balo. Sai da ya bugi ƙirjinta sannan hannuwanta suka haɗu. Yara suka kwashe da dariya, na daka musu tsawa, na sake jefawa ina kallon fuskarta. Idonta ba ya bin balo. Kanta duka take juyawa, kafin kan ya iso balo ya wuce. Nan na tuna wata mata da ta koyar da mu a wani horo bara, ta ce ido ma ana koya masa gudu kamar yadda ake koya wa ƙafa. A lokacin gyangyaɗi nake yi.

Da aka fita hutun goma na ga ƴan mata a gindin bishiyar bedi suna carafke, Iklima tana gefe ta rungume gwiwa, ba mai sa ta a wasa. Na tsaya ina kallonsu. A wurga dutse sama, ido ya bi shi, ido ya sauka ƙasa a kwashi sauran, ido ya koma sama a cafe. Sama, ƙasa, sama. Ai wannan shi ne tablo da kaye! Har na faɗa a fili, ƴan matan suka waiwayo suna kallona kamar na zare.

Ƙudajen nan da suke yawo a idona na hagu sun ƙaru yau. Rana ce. Kowa idonsa yana yi masa haka a watan zafi.

Talata, 7 ga Mayu, da azahar

Na samu Mushe Abdoulkarim, direktanmu, a ofis yana fifita da kwali saboda an ɗauke wuta. Na zuba masa bayani ban ko numfasa ba. Ya saurara har ƙarshe, mutumin yana da haƙuri, sannan ya ce, "Madam Hafsat, carafke fa kika ce. Iyaye za su leƙo ta katanga su ga ƴaƴansu zaune a ƙasa suna wasa da tsakuwa a lokacin darasi. Me zan ce musu?"

Na ce, "Mushe, ka ce musu ni ce na haukace, za su yarda."

Ya yi murmushi ya ajiye kwalin. Ya ce shi ma uba ne, ba daɗin sallamar yaro yake ji ba, amma ba zai ɗaga wa Iklima ƙafa ya hana wasu ba. Ya ba ni fili har zuwa kompozisiyo. In ta karanta shafinta ta kwafe abin da ke tablo, ta wuce. In ba ta yi ba, in koma ɗaya biyu, ita kuma ta koma gida.

Na fito ina jin kamar in yi tsalle. Ban yi ba, don ƴan aji shida suna kallo.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Na tasa Baban Raliya gaba muka tafi Goudel, bakin kogi, wurin masu ɗiban tsakuwa. Yana tuƙi yana mita, wai ranar hutunsa ɗaya na mayar da shi jakin dutse. Amma da muka isa shi ya fi ni zaɓe. "Wannan ba ta yi ba, Maman Raliya, tana da kaifi, za ta yanki yaro." Ruwa ya ja baya sosai, masu lambu suna ta ban ruwa, wani tsoho ya tambaye mu da Zabarmanci ko gini za mu yi. Muka cika bokiti da masu santsi, daidai hannun yara.

Da muka dawo na ɗauko sauran fentin da ya shafe motarsa da shi, na rubuta baƙi ɗaya-ɗaya a kan kowane dutse. Sun yi kyau ƙwarai. Na shanya su a tabarma, Raliya ta zo tana so ta haɗiye guda.

A bakin kogin wani haske ya riƙa walƙawa ta gefen hagu, kamar ana ɗaukar hoto. Na ɗauka ruwa ne yake mayar da rana. Yanzu ina ɗaki kuma bai daina ba. Daga can kusurwa akwai ɗan duhu, kamar an fara jan labule.

Talata, 14 ga Mayu, bayan azahar

Ranar farko. Maza suka ce su ba za su yi wasan mata ba. Isaka, wanda ya fi kowa baki a ajin, ya harɗe hannu ya ce, "Madam, mu balo muke so." Na ce to, ya zo ya kara da Zainabu, in ya ci ta na ba su balo har ƙarshen shekara. Zainabu ta kwashe duwatsu tas kafin ya gama gyara zama. Yanzu shi ne yake roƙon a ƙara masa zagaye.

Na sa doka: in ka wurga na sama, sai ka faɗi baƙin da ke kan wanda za ka ɗauka a ƙasa. Na kuma saka balon nan namu cikin tsohuwar ragar albasa, na ɗaure shi da igiya a reshen bedi, yana lilo daga hagu zuwa dama kamar yadda layin karatu yake tafiya. Yaro ya tsaya ya bi shi da ido. Fili ya kaure da ihu, har Madam Farida ta rufe tagar ajinta.

Iklima ba ta cafe ko ɗaya ba. Kan nan dai shi take juyawa. Na ce, "Tsayar da kanki, ido kaɗai." Ta ce to, ta sake juya shi. Na ji haushi ya taso mini, na haɗiye.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

Allah mai iko. Na shiga kasuwa sayen tattasai, sai ga Iklima ɗauke da tiren dambun kakarta a ka, tana ratsawa tsakanin masu kabu-kabu da amalanke, hannunta ko taɓa tiren ba ya yi. Wuyan nan a miƙe kamar an dasa. Wani ya kira ta daga gefe, ba ta juya kai ba, idonta kaɗai ya tafi wurinsa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai kura ya ce in kauce.

Ashe ta iya. Sai dai da kaya a kanta take iyawa.

Na manta tattasan a wurin mai shi. Miyar yau lami ce, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, kafin masallaci

Na ɗora mata kwanon sha da ruwa rabi a ka, na tsayar da ita gaban balo mai lilo. Na ce, "In ruwan nan ya zuba, ke za ki wanke mini usur." Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Kan ya tsaya. Idanun suka tafi hagu, suka dawo dama, da farko suna tsalle-tsalle, daga baya suka ɗan daidaita. Na ji hawaye sun taru mini, na ce ƙura ce.

Yanzu duk ajin kwano suke so. Isaka ya jiƙe sharkaf har wando.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Na buge kafaɗa da ƙyauren madafa. Jiya ma haka. Baban Raliya yana zaune yana shan shayi, ya ajiye kofin ya daɗe yana kallona.

Talata, 21 ga Mayu, da azahar

Ta cafe ɗaya.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Baban Raliya bai tambaye ni ba. Ya zo ɗaukata daga lakol, maimakon ya yi gida sai ya karya kan mota zuwa asibitin ido. Aka ɗiga mini magani, aka haska, aka sake haskawa. Lokotoron ya yi magana mai tsawo, ya zana wani abu mai kama da ƙwai a takarda. Ba zan rubuta sunan abin a nan ba.

Ya ce aiki za a yi, gobe in da hali, kuma bayan aikin zan kwanta makonni ba ɗaga kai. Na ce bayan kompozisiyo. Ya cire tabaransa ya dube ni. Ya ce, "Madam, kowace rana kika ƙara, labulen nan ƙara rufewa yake yi, kuma abin da ya rufe ba lalle ya sake buɗewa ba." Na ce na ji. Ya ce ba gudu, ba sunkuyo, ba tsalle. Na kusa yin dariya, ai ya lissafa aikina ne kaf.

Muka kama hanyar gida har muka wuce shataletale. Sannan Baban Raliya ya ce, "Iklima ƴar wani ce fa." Na ce in na kwanta, wanda za a kawo a madadina jera su zai yi yana ɗaya biyu, kwanon nan kuwa a kan randa zai ƙare. Ya ce, "Raliya ma tana da haƙƙi a kan idon nan." Na ce ya taka a hankali, akwai rami a gaba. Ramin ta dama yake, na gan shi.

Na roƙe shi kada ya gaya wa Mushe. Ya ci gaba da tuƙinsa.

Juma'a, 24 ga Mayu, da hantsi

Uku a jere! Kuma tana faɗin baƙaƙen daidai. Zainabu da bakinta ta ce, "Iklima, zo ɓangarenmu." Yarinyar ta tashi tana gyara ɗankwali kamar an kira ta fadar shugaban ƙasa.

Na gwada wani abu. Na rubuta gajerun kalmomi a bangon katanga da alli, na ba ta allonta a cinya, kwano a ka. Ta dubi bango, ta dubi allo, ta koma bango daidai inda ta tsaya. Sau biyu ta ɓata, sauran duk ta samu. Na ruga na kamo hannun Madam Farida daga aji don ta gani da idonta. Ta ce, "Hafsat, sake ni, alli ne a hannuna." Da ta gani sai ta ce ko a ajin za a bar ta ta ɗora kaye a ka. Na ce a ɗora mata ko tebur ne.

Ban yi gudu sosai ba. Daga fili zuwa aji ai ba nisa.

Talata, 28 ga Mayu, bayan azahar

Mun yi da'ira, ni a tsakiya, suna jefo mini balo ina mayarwa. Sai kawai na ji tau a kumatun hagu, usur ya faɗi daga bakina. Ban ga tahowarsa ba ko kaɗan. Wani yaro ne ya jefo daga wancan gefen, ya tsaya yana jiran mari.

Na yi dariya na ce Madam Balo ta tsufa. Ba wanda ya taya ni. Suka tsaya suna kallona, su duka, har da Iklima. Na ce me kuke kallo, a ci gaba.

Na ji tsoro yau. A nan kaɗai zan faɗa.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

Hannuna ya dawo. Mun yi da'ira yau, ban kuskure ko ɗaya ba, har da na Isaka mai jifa kamar yana korar akuya. Duk wanda ya taho ina ganinsa tun daga nesa. Na gaya wa Baban Raliya da murna, na ce wataƙila lokotoron ya cika tsoratarwa, ido yana gyara kansa. Ya ce in rufe na dama in gaya masa yatsu nawa ya ɗaga. Na ce ba ni da lokacin wasa, tukunya tana kan wuta.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan azahar

Iya Tabawa ta zo gida da kwanon dambu da zogale, ta zauna a bakin tabarma ta ƙi hawa kujera. Ta ce, "Ƴar nan, me kika yi wa jikata? Duk tsakuwar gidan ta tattare, ko bacci da su take yi. Jiya ita ta zura mini zare a allura." Ta ce uwar yarinyar ta rasu tun tana goye, uban yana tuƙin babbar mota, sai a yi wata uku ba a gan shi ba. Ita burinta ɗaya, Iklima ta iya karanta abin da aka rubuta, kada ta tsufa tana miƙa wa mutane takarda kamar ita.

Na ce, "Iya, za ta iya, in Allah ya yarda." Na faɗa da ƙarfi, don Baban Raliya yana ɗaki yana jinmu.

Dambun ya yi daɗi. Shi bai ci ba.

Talata, 4 ga Yuni, da azahar

Ruwan farko ya sauka da asuba, da iska. Fili ya zama tafki, reshen bedin da muke ɗaure balo ya karye. Muka koma baranda muka cunkushe. Cikin hayaniyar nan Iklima ta rikice, ta kasa cafe ko ɗaya, da na ba ta littafi ta tsallake layi biyu a shafi ɗaya. Ta kifa kai ta fara kuka ba sauti.

Madam Farida ta ce mini a hankali, "Hafsat, kin yi iyakar ƙoƙarinki, kada ki sa wa yarinyar rai da yawa." Na ce mata maganar da bai kamata ba, a gaban yara. Na ce ita shekara biyu ta yi da yarinyar ba ta taɓa duban idonta ba. Fuskarta ta canza. Ni da bakina, kullum sai ya riga ni isa.

Labulen ya kai rabi. In na kalli Raliya da na hagu kaɗai, kunnenta ɗaya nake gani da ɗan kitso.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Na ba Farida haƙuri. Ta ce in kawo mata mangwaro.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Kai, yau ranar farin ciki ce. Mai gadi ya ɗaure mana balo a ƙarfen tuta, fili ya tsane, yara suka dawo da ƙarfinsu. Iklima ta kwashe duwatsu biyar a wurgi ɗaya, ta cinye Zainabu, ajin ya ɗauke ta sama ana zagaya fili da ita. Mushe Abdoulkarim ya fito ya tsaya a baranda, hannu a baya. Da ya ɗauka ba mai ganinsa sai ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya ya wurga ya cafe. Na gan shi, ta dama yake.

Bayan an tashi na zaunar da ita da littafin karatu, ba kwano. Na ce, "Ki ji kamar tiren Iya yana kanki." Ta miƙe wuya, ta karanta rabin shafi. A hankali, tana tauna kowace kalma, amma layi bayan layi, ba tsallake. Da ta kai ƙarshe ta ɗago ta ce, "Madam, ashe labari ne. Na akuya ne da ta shiga lambu." Shekara biyu tana riƙe da littafin nan ba ta san labari ne a ciki ba.

Ban sani ba ko carafken ne, ko kwanon, ko dai kawai ta samu wanda ya tsaya a kanta. Ba ruwana da wanne ne. Na saya wa kowa alawa a bakin ƙofa, ni ma na sha biyu.

Asabar, 8 ga Yuni, da hantsi

Daga asibiti sun kira Baban Raliya. Ya fita waje ya amsa. Da ya shigo ya ce, "Laraba, da sassafe. Na riga na ce musu to." Na ce kompozisiyo ranar Talata ne, ya yi daidai. Ya ce, "Ba abin da ya yi daidai," ya ɗauki makullin mota ya fita.

Raguna sun cika kasuwa, layya ta matso. Bana ba ni zan yi suyar nama ba.

Talata, 11 ga Yuni, bayan azahar

Ban san ta inda zan fara ba.

Ba a barin malamin wani fanni ya shiga, sai na tsaya a waje bakin taga. Sai da na karkata kaina duka kafin in samu ajin a ido. Mushe da kansa ya zauna kusa da Madam Farida. Aka yi kwafe daga tablo, na ga idon Iklima yana hawa yana sauka, kan a tsaye. Sannan aka fara kira ɗaya-ɗaya don karatu.

Da aka zo kanta ta fito ta riƙe littafin da hannu biyu, ta miƙe wuyan nan kamar za ta ratsa kasuwa. Ta fara. Muryarta ƙasa-ƙasa. A tsakiyar shafi ta tsallake layi, na kama ƙarfen taga. Ta tsaya. Idonta ya koma sama, ya nemo wurin, ta gyara da kanta, ta ci gaba har ƙasa. Mushe ya rubuta wani abu bai ɗago ba, amma Farida ta waiwayo taga ta ɗaga mini gira.

Da aka tashi na zauna a gindin bedi. Iklima ta zo, ta zagayo ta tsaya ta damana. Ina shirin rungume ta sai ta ce, "Madam, yanzu za ki je asibiti?"

Na ce wa ya ce mata ba ni da lafiya.

Ta ce, "Ba kowa. Tun ranar da balo ya buge ki muka gane ba ki gani ta nan." Ta nuna hagu. "Isaka ya ce duk wanda ya sake jefa miki ta can sai ya gamu da shi. Sai mu riƙa miƙa wa na dama su jefo."

Na ce, "Ku duka?"

Ta ce, "Mu duka. Ai ke kika ce mu riƙa kallo da kyau."

Ni da nake ta fahariya wai hannuna ya dawo. Na ɓoye wa direkta, na ɓoye wa Farida, na ɓoye wa uwata a Maraɗi, ashe ƴan aji uku suna ta lallaɓa ni kamar ƙwai. Na yi dariya har ta koma kuka, yarinyar tana tsaye riƙe da jakata.

Laraba, 12 ga Yuni, bayan asuba

Baban Raliya yana ɗumama mota. Na sa duwatsun a bokiti, Farida za ta ajiye.

Juma'a, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Yau aka ce zan iya zama in yi ɗan rubutu. Baƙaƙen sun yi manya, layin yana gangarawa, haka nan.

An cire bandeji tun shekaranjiya. Labulen bai buɗe ba, sai ɗan haske ta sama kamar ƙarƙashin ƙofa. Lokotoro ya ce a jira a gani, amma bai dube ni ba da yake faɗa. Baban Raliya bai taɓa cewa ai na gaya miki ba. Shi yake ɗiga mini magani, shi yake yi wa Raliya wanka, kuma duk ya kwashe kujeru daga hagun hanya. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ɗazu Iya Tabawa ta zo da Iklima, da soyayyen naman layya a leda. Iklima ta wuce zuwa aji huɗu. Mushe ya aiko da gaisuwa, ya ce in an koma hutu carafke yana nan a lokacin darasi, iyaye su leƙo su gaji. Na so in yi guɗa, aka ce kada in motsa kai da ƙarfi.

Lokacin magani ya yi, Baban Raliya kuma ya fita, ga kwalabe biyu iri ɗaya, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Ina ta juya su a hannu. Iklima ta karɓa, ta miƙe wuya, ta karanta mini abin da mai farmasi ya rubuta a jikin kowace, ta ware ta la'asar. Iya Tabawa ta rufe baki da mayafi.

Da kakar ta fita alwala, yarinyar ta matso ta ce, "Madam, don ni ne bai warke ba?"

Na ce, "A'a, rana ce. Kin san zafin bana."

Ta daɗe tana kallona, idanun nan a tsaye, ba su tsalle. Ni na koya musu kallo, ba su yarda da maganata ba. Ta kwance bakin ɗankwalinta ta zuba duwatsu biyar a tabarma, ta sa mini ɗaya a tafin hannu. Na wurga, ya ɓace mini ta hagu, ya faɗi bayan filo.

Ta ɗauko ta ce, "Ke ki juya kanki duka, Madam, ba laifi."

Na sake wurgawa, na juya kai, ban cafe ba. Ta ɗauko ta sake sa mini a hannu.